Yadda Ake Gyara Kilim ɗin Tsohuwar Akori-kura a Mayar da Shi Kan Gaz R134a

A watan Afirilu, lokacin da zafin Tahoua ke haura digiri 40 tun kafin azahar, ba a yin wuni guda wani bai tsaya ƙofar garejinmu ya ce, “Maigida, a ƙara mini gaz” ba. Bara wani dattijo mai kai kaya Abalak ya zo da Land Cruiser akori-kura ta 1991 da wannan magana. Na ɗaga kapo, na shafa gaban kwamfuresa (famfon da ke tura gaz ɗin kilim), yatsana ya dawo baƙi ƙirin da mai da ƙura. Na ce masa, “Baba Alhaji, sau nawa aka ƙara maka gaz bana?” Ya ce, “Sau uku, ɗana. Kowane ƙari sati biyu yake yi, sai iskar ta koma ta hita.”

Gaz ɗin kilim ba gazuwal ba ne da mota ke ƙonawa. Zagaye yake yi a cikin rufaffiyar hanya, idan ya ragu to akwai inda yake yoyo. A tsohuwar mota kuma akwai magana ta biyu: an ƙera ta ne don wani gaz da aka daina yi. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda muke gyara kilim (abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira esi) na irin waɗannan motoci, mu mayar da shi kan gaz ɗin da ake samu yau, ya kuma jure zafin Adar.

Fara sanin abin da ke cikin motar

Motocin da aka ƙera kafin wajen 1993 zuwa 1995 da gaz R12 suka fito, wanda mutane ke kira Freon. An gano yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, shi ya sa yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yin sa: ƙasashe masu arziki suka tsaya a farkon 1996, ƙasashe masu tasowa kamar Nijar aka ba su har 2010. R134a ne ya maye gurbinsa. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da sabon R12 yau, ka yi hattara da abin da ke cikin kwalbarsa.

Dubi bakunan da ake ɗaura mano (ma'aunin matsin gaz) a kansu. Idan masu zare ne kamar bakin bawul ɗin taya, tsarin R12 ne. Na R134a ba su da zare a waje, danna su ake yi su kama, kuma na ɓangaren babban matsi ya fi ɗayan kauri. Nemi takardar da ke manne a ƙarƙashin kapo ko a jikin kwamfuresa, ka rubuta nauyin gaz da aka ce motar tana ɗauka, domin za ka buƙaci wannan adadi a ƙarshe. Amma kar ka yarda da bakin kaɗai. Yawancin Hilux da Land Cruiser da ke yawo tsakanin Konni da Agadez sun bi ta hannaye da yawa, kuma sau tari an zuba musu R134a a kan tsohon mai ba tare da an canja komai ba.

Nan ne tushen matsalar. A cikin kilim, mai yana bin gaz ne ya zagaya ya dawo wa kwamfuresa. Man R12 na ma'adini ne, kuma ba ya gauraya da R134a. Idan aka haɗa su, man zai kwanta a kondansa da ebaporata, kwamfuresa ta yi ta gudu a bushe har ta ci kanta. Motar za ta ba da sanyi wata ɗaya ko biyu, mai ita ya ɗauka an gyara, sai wata rana a ji ƙara.

Ga yadda abin ke zagayawa, don a gane dalilin kowane mataki. Kwamfuresa tana matse gaz ya yi zafi, ta tura shi kondansa da ke gaban radiyata. A nan iska ke ɗauke zafin, gaz ya koma ruwa. Ya bi ta butel, wanda ke tace datti ya tsotse danshi, ya isa detanda, wata ƴar ƙofa mai ƙunci da ke sakin sa kaɗan-kaɗan cikin ebaporata a bayan tablo. A can yake tafasa, ya janye zafin iskar ɗakin mota, ya koma kwamfuresa. Kilim bai ƙera sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje. Idan wurin zubarwar ya toshe, ba abin da zai yi kyau.

Kayan aiki da kayan canji

Kana buƙatar mano na R134a mai tiyo uku (shuɗi na ƙaramin matsi, ja na babban matsi, rawaya na tsakiya), famfon zuƙe iska, sikeli mai nuna giram, kwalbar azot (iskar naitrojin, wadda ba ta kama wuta) da abin daidaita matsinta, ma'aunin zafi, mitar gwajin wuta, ruwan wankin kilim, da tabarau da safar hannu. R134a yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili, idan ya fesa a ido ko a fata ƙuna ce nan take.

Abubuwan da za a canja ba tare da muhawara ba: sabon butel wanda aka yi don R134a (a jikin kwalinsa za ka ga XH-7 ko XH-9, na da XH-5 ne), korayen zobban roba na dukkan mahaɗai, bakunan canji guda biyu (waɗanda ke mayar da bakin mano na R12 zuwa na R134a), da man esta wanda ake rubuta POE a jikinsa. Ni ina ƙara sabuwar detanda ko da tsohuwar tana aiki, domin idan ta cije bayan an rufe komai, sai an sake kwance tablo. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Mataki na farko: wuta da bel, kafin ka taɓa gaz

Kilim da yawa da ake kawo mana ba su da laifin gaz ko kaɗan. Duba bel ɗin kwamfuresa, idan ya tsattsage ko ya yi sheƙi a canja shi. Duba fiyus da rele. Injin a kashe, juya farantin gaban kwamfuresa da hannu: ya kamata ya juya da ɗan nauyi amma ba tare da cijewa ba. Ba wa bobin ɗin kuloci (naɗin wayar maganaɗisu da ke jawo farantin ya kama fuli) wuta kai tsaye daga batir, ka ji ƙas ɗin kamawarsa. A mota mai volt 12 bobin yana nuna wajen ohm 3 zuwa 4. Ka lura, wasu Land Cruiser masu gazuwal da manyan motoci volt 24 ne, kuma bobin na 12 ba zai daɗe a kansu ba. Ratar da ke tsakanin faranti da fulin kuloci ta kasance wajen rabin milimita. Idan ta buɗe da yawa, kuloci zai kama da safe, rana na yi ya saki.

Mataki na biyu: neman inda yake yoyo

Idan da sauran gaz a ciki, a kwashe shi da na'urar kwashewa zuwa kwalba, kar a sake shi a iska, kar kuma a yi walda ko a kunna wuta kusa da shi, domin hayaƙin da R12 ke bayarwa idan ya taɓa harshen wuta guba ne.

Fara da ido. Duk inda gaz ya fita, mai ya bi shi, ƙurar Tahoua kuwa ba ta barin mai ya ɓuya. Baƙin tabo a kusurwar kondansa, a inda aka matse tiyo da ƙarfe, ko layin mai da ya fantsama a cikin kapo daidai saitin kwamfuresa, duk shaida ce. Wannan na ƙarshe yana nufin robar bakin sandar kwamfuresa ta mutu, kuma shi ne ya sami motar Baba Alhaji.

Sai ka zuba azot har allurar mano ta nuna matsin bar 10 zuwa 12, ka rufe, ka bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu. Ka yi haƙuri, ƙaramin yoyo yana ɗaukar minti guda kafin ya tada kumfa. Kar ka manta da bakunan mano kansu. Idan allura tana sauka amma ba ka ga kumfa a ko'ina cikin injin ba, zarginka ya koma kan ebaporata.

Abu ɗaya da nake roƙon kowane mai gareji da kowane aparanti: kar a taɓa gwada kilim da kwalbar oksijin ta masu walda. Oksijin da mai a ƙarƙashin matsi fashewa suke yi. Iskar famfon taya ita ma ba ta dace ba, ruwa take shigarwa.

Mataki na uku: kwancewa da wankewa

Kwance kwamfuresa, kondansa, butel da tiyoyi. Duk bakin da ka buɗe, toshe shi da leda da roba nan take, musamman idan iska na kaɗawa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe detanda.

Juye man kwamfuresa a cikin kofi mai tsabta, kana juya sandarta da hannu har ya daina ɗiga, sannan ka fita da kofin cikin rana ka duba. Idan man fari ne ko ruwan zuma, kwamfuresa na da sauran rai. Idan baƙi ne, ko kana ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa, ta riga ta ci kanta, kuma garin ya bazu ko'ina. A wannan hali sai sabuwa, kuma dole a wanke hanya sosai, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi sahun tsohuwar. Idan za ka saya, ka sani kwamfuresar kamfanin Sanden SD508 ta zamanin R12 ita ce SD5H14 a zamanin R134a, SD709 kuma ita ce SD7H15. Toyota yawanci da Denso suke zuwa. Auna kunnuwan ɗauri da layin fuli kafin ka biya kuɗi, ko kayan daga Yamai za a aiko maka ko daga Sakkwato ta Konni. Kwamfuresar da aka ciro daga wata mota aka bar ta baki buɗe a rumfar ƴan gwangwan, ni ba na ɗaura ta.

Yanzu ebaporata. Na san aikin yana da gajiya, amma a cire akwatin daga ƙarƙashin tablo. Tsofaffin motocin nan ba su da matatar iskar ɗaki, kuma shekaru talatin suna shaƙar ƙurar hunturu. Da muka buɗe ta Baba Alhaji, abin da muka tarar kamar tabarma ce ta jar ƙasa da gashin awaki da ƙaiƙayin gero, ta rufe fuskar ebaporatar gaba ɗaya. Fanka na ta ihu, iska ba ta wucewa. Toshe bakunanta, ka wanke wajenta da ruwa da sabulu da burushi mai laushi, ka bi a hankali kar siraran fukafukan su lanƙwashe. Buɗe tiyon da ke zubar da ruwa ƙasan mota. Sake manna soso a gefunan akwatin yadda iska ba za ta zagaye ba.

Sannan wankin ciki. Ana wanke ebaporata, bututun ƙarfe da tiyoyi, kowanne shi kaɗai, da ruwan wankin kilim. Zuba ta bakin fita ya fito ta bakin shiga, ka tara abin da ke fitowa a farin ƙyalle, ka maimaita har ƙyallen ya daina canja launi. Busa da azot har sai warin ruwan ya tafi. Kar a yi amfani da esansi ko gazuwal. Ba a wanke kwamfuresa, butel ko detanda da wannan ruwa.

Tiyoyin roba kuma a lanƙwasa su a gani. Wanda ya yi tauri, ya tsage, ko yake zufar mai, a matse sabo, irin mai shafin nailan a ciki da aka yi don R134a, domin wannan gaz ya fi R12 iya ratsa roba.

Mataki na huɗu: kondansa da fanka

A nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina, domin a garinmu nan ne aikin ke yin kyau ko ya lalace. R134a yana aiki da matsi mafi yawa a ɓangaren zafi fiye da R12, kuma kondansar da aka ƙera don R12 a ƙasar da zafinta bai kai namu ba tana wahala da shi. Alamar ita ce motar da ke sanyi a kan hanyar Badagishiri tana gudu, da an shigo kasuwa an tsaya sai iska ta ɗumame.

Tsohuwar kondansa bututu ɗaya ne mai kai da komowa kamar maciji. Sabuwar irin tana da madaidaitan siraran hanyoyi da yawa a jere tsakanin bututu biyu na gefe, kuma ta fi zubar da zafi nesa ba kusa ba. Idan da hali, a sa irin wannan, mafi girman da wurin zai ɗauka. Gaz ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Ka tuna dai ita ba ta wankuwa a ciki, idan kwamfuresa ta taɓa zuba mata garin ƙarfe sai canji.

Idan tsohuwar za ka mayar, wanke cikinta kamar sauran, ka miƙar da fukafukanta, ka wanke ratar da ke tsakaninta da radiyata. A nan ne ciyawa da fara da laka ke taruwa ba a gani. Toshe gefunan ratar da soso don fanka ta ja iska ta cikin kondansa, ba ta gefe ba.

Sai fankar injin. A Toyota, fankar tana da kuloci mai ruwan silikon. Idan injin ya yi zafi ka kashe shi, ka tura fankar da yatsa ta yi ta juyawa sakaka, to ruwan ya ƙare, a sake cika shi ko a canja. Murfin roba da ke kewaye fankar, wanda wasu ke cirewa su yar don ya hana su kai hannu, a nemo shi a mayar. Ba shi, rabin iskar a banza take tafiya. Motar da ke yawan tsayawa cikin gari, ina ƙara mata fankar wuta a gaban kondansa da relenta da fiyus nata. Kafin ka ɗaure ta, ba ta wuta ka sa takarda a gabanta, ka tabbata tana tura iska zuwa cikin injin ne.

A tabbata kuma akwai makunnin matsi mai aiki, wanda ke yanke wa kwamfuresa wuta idan matsi ya faɗi ƙasa da wajen bar 2 ko ya haura wajen bar 30. Sau da yawa muna tarar an haɗe wayoyinsa don a tilasta wa kwamfuresa gudu. A raba su, a sa sabo. Akwai mai waya huɗu wanda ke kunna fankar wuta da kansa idan matsi ya hau, shi na fi so.

Mataki na biyar: mai da haɗawa

Mai iri biyu ke tafiya da R134a: PAG da esta. Motocin da suka fito da R134a daga kamfani PAG suke sha, kamar ND-Oil 8 na Denso. Amma PAG ba ya jituwa da ragowar tsohon mai da R12, shi kuwa esta yana haƙuri da su. Don haka idan tsohuwar kwamfuresa za ka mayar, esta mai lamba 100 za ka sa. Idan komai sabo ne kuma an wanke hanya tas, bi abin da mai kwamfuresar ya rubuta, kar kuma ka gauraya iri biyu.

Zuba wa tsohuwar kwamfuresa esta kaɗan, ka juya, ka zubar, sau biyu, don ya ɗauraye ta. Yawan man da za a sa gaba ɗaya yana cikin littafin motar ko takardar kwamfuresa. Tunda an wanke hanya, duka adadin za ka mayar: wajen mililita 40 a kondansa, 40 a ebaporata, 20 a butel, sauran a kwamfuresa. Sabuwar kwamfuresa takan zo da manta a ciki, juye shi ka auna kafin ka ƙara ko ɗigo. Mai da ya yi yawa yana shafe cikin bututu ya rage sanyi. Kuma waɗannan mayuka suna shan danshin iska, kar a bar gwangwanin a buɗe.

Kowace mahaɗa ta sami sabon koren zobe, a shafa masa ɗan mai kafin a sa. Ɗaure da sifana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na juyawa, domin bututun alminiyam murɗewa yake. Idan detandarka mai wutsiya ce (siririn bututun da ke jin sanyin ebaporata), ɗaure kan wutsiyar sosai a jikin bututun da ke fitowa daga ebaporata, ka naɗe ta da baƙin danƙo. Ɗaura bakunan canji, wasu sai an cire tsohon bawul na ciki, wasu a kansa suke zama, duba irin naka. Butel shi ne na ƙarshe: kar ka cire marufansa sai lokacin da za ka ɗaura shi, ka kuma bi kibiyar da ke jikinsa, bakin shiga yana kallon kondansa. Da ka gama, juya farantin kwamfuresa da hannu sau goma don man ya watsu, sannan ka sake gwajin azot da kumfa.

Mataki na shida: zuƙe iska

Saki azot, ɗaura tiyo mai rawaya a famfo, buɗe shuɗi da ja. Allurar shuɗi za ta sauka kusa da bar 1 ƙasa da sifili cikin ƴan mintoci, kuma a nan ne masu gaggawa ke kashe famfo. Iskar ta fita, amma danshi bai fita ba. Bar shi minti 45, da damina awa guda. Danshin da ya rage zai daskare a bakin detanda ya toshe ta, sanyi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, kuma a hankali yana zama tsami mai cin alminiyam daga ciki. Rufe bawul biyun, kashe famfo, ka jira minti 20. Allura ta motsa, akwai yoyo, a koma baya. Ba ta motsa ba, a ci gaba.

Mataki na bakwai: zuba gaz da sikeli

Tukuna gwada gaz ɗin da ka saya. Ajiye kwalbar a inuwa ta huce, ka ɗaura mata mano. R134a na gaskiya yana nuna wajen bar 8 idan zafin wurin digiri 35 ne, wajen bar 9 a digiri 40. Idan ka ga bar 14 a digiri 40, R22 ne na kilim ɗin gida, zai fasa maka tiyo. Gaz ɗin firji mai kama wuta, R600a, shi ma ba na mota ba ne. Akwai kuma jabu da ake gaurayawa da wani sinadari R40 mai cin alminiyam, wanda a 2011 ya fasa na'urorin kwantenonin sanyi a Biyetnam da Barazil har aka rasa rayuka. Mano ba ya kama wannan, saboda haka ka saya wurin wanda ka sani, kwalba a rufe da hatiminta.

Nawa za a zuba? Kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na nauyin R12 da ka rubuta tun farko. Motar da aka ce giram 900, za ta sha giram 720 zuwa 765. Fara da na ƙasa. Ɗora kwalbar a kan sikeli, ɗaura tiyo mai rawaya, ka ɗan sassauta shi a wuyan mano na daƙiƙa biyu don iskar cikinsa ta fita. Injin a kashe, kifa kwalbar, ka buɗe ja kaɗai, ruwan gaz ya shiga har ya tsaya da kansa. Rufe ja, ka tabbata ka rufe. Daga nan ba za ka sake buɗe shi ba muddin injin na aiki, domin matsin kwamfuresa zai koma cikin kwalbar da ke gabanka.

Miƙar da kwalbar tsaye, jira minti biyar, tada injin, kunna kilim, fanka a ƙarshenta. Ƙarasa sauran ta shuɗi, a hankali, kana kallon sikeli. Kar ka tura ruwan gaz ta shuɗi, kwamfuresa ba ta matse ruwa. Idan kwalbar ta yi sanyi ta daina bayarwa, sa gindinta a ruwa mai ɗumi, ba wuta ba.

Ƴar tagar gilashin da ke kan butel, wadda muka saba cika R12 har kumfarta ta ɓace, ba abin dogaro ba ce bayan canji. Za ta iya nuna kumfa alhali gaz ya isa. Wanda ya bi ta zai cika fiye da kima, matsi ya hau, sanyi ya ragu.

Mataki na takwas: karanta mano

Riƙe injin a juyi 1500 a minti. A littattafan Toyota, idan iskar da ke shiga tana digiri 30 zuwa 35, shuɗi yana zama bar 1.5 zuwa 2.5, ja kuma wajen 14 zuwa 16. Da ranar bazara a Tahoua ja zai wuce haka, ganin 20 ba abin tsoro ba ne. Idan ya doshi 25 yana ci gaba da hawa, watsa wa kondansa ruwa da buta. Allura ta faɗo da sauri, iskar ciki ta yi sanyi, to laifin iska ne, koma kan fanka da kondansa. Ba ta faɗo sosai ba, gaz ya yi yawa ko iska ta shiga hanya.

Duka biyu a ƙasa, gaz bai isa ba. Shuɗi ya nutse zuwa sifili, bututu na yin ƙanƙara a wajen detanda ko butel, akwai toshewa. Shuɗi a sama, ja a ƙasa, sun kusa haɗuwa, kwamfuresa ba ta matsawa. Taɓa bututu da hannu: mai kaurin da ke komawa kwamfuresa ya yi sanyi yana zufa, siririn da ke fitowa daga butel ya yi ɗumi, ba zafin da zai hana ka riƙe shi ba. Ka jira ka ji kuloci ya saki ya sake kamawa da kansa, alamar ma'aunin da ke hana ebaporata daskarewa yana aiki.

Sa ma'aunin zafi a bakin iska na tsakiya, rufe gilasai, juya maɓalli zuwa iskar cikin ɗaki, ka hau titi. Idan yana sauka wajen digiri 10 alhali waje ya haura 40, aiki ya yi. Idan matsi daidai ne amma iskar ba ta kai haka ba, duba famfon ruwan hita, mai yiwuwa bai rufe ba, ka kuma duba ramukan bangon da ke tsakanin injin da ɗaki, da robar ƙofofi. Akori-kura mai ƙarfe tsirara a ƙasa da rufi tana shigo da zafi fiye da yadda ake zato, shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashin ƙafa tana taimakawa ƙwarai.

Kafin ka rufe kapo, mayar da marufan bakunan biyu, domin su ma suna hana yoyo. Manna takarda ka rubuta R134a, giram nawa ka zuba, wane mai, mililita nawa, da kwanan wata, don wanda zai buɗe bayanka ya san abin da ke ciki.

Da Baba Alhaji ya zo ɗaukar motarsa, na nuna masa takardar, na ce, “Baba, ko da hunturu ne ka kunna shi minti goma kowane sati, mai ya zagaya robar kwamfuresa kar ta bushe. Duk dawowa daga Abalak a wanke gaban kondansa da ruwa marar ƙarfi. Idan motar ta wuni a rana, sauke gilasai ka yi tafiyar minti biyu kafin ka kunna.” Ya sa hannu a bakin iska ya daɗe bai janye ba, sannan ya ce, “To, in sanyi ya ragu fa?” Na ce ya dawo da ita mu ɗaura azot mu nemo ramin, kar ya bari kowa ya ƙara mata ko giram ɗaya kafin nan.